Tsakiyar Gonar Kekun Waje Ta Labbo Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ce Adama, 'yar Malam Dalhatu na Bungudu, matar marigayi Malam Sabiru, mazauniyar Damba a Gusau. Ina rubuta wannan da hannuna a daminar 1998, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Likita ya ce zuciyata ce ta gaji. Bai ce komai a kan ƙwaƙwalwata ba, kuma na sa ya maimaita haka a gaban liman, domin na san akwai wanda zai so ya yi shakka idan ya kai magana ta biyar. Zuwa gare ku 'ya'yana, Bello, Isah, Husna da Bashir.

1. A binne ni a nan Gusau. Kada a kai ni Bungudu, hanyar ta isa wahala ga mai rai ma. Kada kowa ya zargi Bello da Isah idan ba a gan su wajen zaman makoki ba. Duk mai shiga gidan nan yana ce mini mai 'ya'ya biyu a Jidda, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ci gasa barka. Ba sa tambayar ina fasfo ɗin yaran yake. Yana cikin aljihun teburin kafilinsu, wato Balaraben da ya tsaya musu suka shiga ƙasar, kuma sai da sa hannunsa za su fita. Lokacin rasuwar mahaifinku kafilin ya ce aiki ya yi yawa. Ban ga dalilin da zai sa aiki ya ragu saboda ni ba.

2. Bashin da ke kaina bai taka kara ya karya ba, na mai magani ne da na mai itace, Husna ta san su. A biya kafin a taɓa komai. Littattafaina a kai makarantar 'yan mata. Takardar digirina ta jami'a kuwa, duk wanda ke son firam ɗin ya ɗauka, katakon mai kyau ne.

3. Bashir, autana, tun da ka gama sakandare kake bina da tambaya ɗaya: ka koyi sana'ar hannu ko ka koyi kwamfuta, wanne ya fi karɓuwa a waje? Ka zaci ni ce zan sani, tunda na yi rayuwata a ofishin tsare-tsare, daga Sakkwato har aka kwaso mu da fayil-fayil a bayan babbar mota zuwa sabuwar jiha, ina rubuta rahoton irin ma'aikatan da ƙasa za ta buƙata. Rahotannin suna nan, gara ce kaɗai ta karanta su da natsuwa. Amma amsar tambayarka tana cikin gidanku.

Isah ya koyi walda a Tsafe wajen Malam Lawali. Da ya sauka Jidda bai yi mako ba ya fara aiki, domin ko'ina ana gini, kuma ƙarfe ba ya tambayar mutum ƙasar da ya fito. Har yau bai taɓa rasa aiki ba. Abin da ya rasa shi ne ƙofa. Gwanintarsa ce ta sa kafili ba zai sake shi ba, haka kuma ba zai bar shi ya koma wajen wani mai biya fiye da shi ba. 'Yarsa Fatima ta fara zuwa makaranta, muryar ubanta a kaset kawai ta sani, wanda alhazai ke kawo mana. Rannan rediyon ya cinye zaren kaset ɗin, ta zo tana tambaya ko Baba ya ji ciwo.

Bello ya karanta kwamfuta a jami'a, da kyakkyawan sakamako. Alhaji Ɗahiru na Tsafe, dillalin biza, ya ce masa bizar masu kwamfuta ba ta zuwa ta hannunsa, amma akwai ta mataimakin mai walda a wajen kafilin Isah, ya shiga da ita, idan ya isa sai a canza. Mu mutanen nan mun saba da haka, mu a wurinmu takarda ƙofar shiga ce kawai, in an shiga sai a daidaita da mutane. Can kuwa abin da aka rubuta a takardar zamanka shi ne kai. Kamfanoni sun gwada Bello, sun yaba, sun dubi takardar, sun ce ya kawo yardar kafili. Kafili ya ce shi mai riƙe ƙarfe ya biya wa kuɗi. Yanzu duniya na ta hayaniyar cewa kwamfutoci za su rikice idan shekara ta dubu biyu ta shigo, ana neman masu irin karatunsa ruwa a jallo, shi kuma yana riƙe da bakin ƙarfe yana kawar da fuska daga tartsatsi.

To ga amsarka. Mai sana'a yana samun aiki nan take, aikin ya riƙe shi. Mai kwamfuta yana iya samun wanda ya fi, idan ya shiga ta ƙofar da aka rubuta sunan karatunsa a kai, kuma wannan ƙofar ba a sayar da ita a Tsafe. Koyi duk wanda ranka ke so, dukansu abin yi ne. Amma kada ka shiga ƙasar mutane da sunan da ba naka ba.

4. Bello da Isah, na san ɗaki ɗaya kuke kwana ba kwa magana, domin kowa kaset ɗinsa daban yake aikowa, kuma a bayan muryar kowannenku ina jin tarin ɗayan. Bello, kana ganin ƙanenka ne ya jawo ka cikin rami. Isah, kana ganin kai ke ciyar da yayanka yana yi maka kallon jahili. Dukanku kuna da gaskiya kaɗan, ba ta kai ta raba kwano ba. Bello, ka riƙa karanta wa ƙanenka duk takardar da za a ba shi ya sa hannu. Isah, ka daina kiransa Injiniya a gaban sauran ma'aikata, na san ba girmamawa ba ce. Idan wa'adin aikinku ya cika, kada wanda ya sabunta shi kaɗai.

5. Gonata ta Kekun Waje. Na san Alhaji Ɗahiru ya je ya zagaya ta, ya leƙa rijiyar da ke tsakiyarta. Na san kuma, Bashir, kun yi magana cewa idan ta zama taku zai karɓe ta ya ba ka biza, kuma ka aika wa yayyenka sun ce ba su ƙi ba. Mara lafiya ba kurma ba ne, bangon ɗakin nan kuma bulo ɗaya ne.

Na yi tunanin hana ku, sai na tarar hannuna a ɗaure yake. Shari'a ta riga ta yanka wa kowa rabonsa, ba a yi wa magaji wasiyya, kyautar da mutum ya yi a ciwon ajali ma hukuncin wasiyya gare ta. Abin da aka bar mini shi ne sulusi, in bai wa wanda ba ya gadona. To na bayar.

Kashi ɗaya cikin uku na gonar, na tsakiya, daga tsamiya zuwa bakin kwari, har da rijiyar, na Labbo ne. Kun san shi, makiyayin nan. Tun zamanin kakanku yake sauke shanunsa a gonar da rani, su ci kara su bar mana taki, ba a taɓa rubuta komai tsakaninmu ba. Liman da mai unguwa sun je sun kafa duwatsun iyaka, kuma Labbo ya yi alkawari a gabansu cewa duk wanda ya noma gefe cikinku zai ɗebi ruwa. Mutumin da shanunsa ke sha a rijiya ba ya sayar da ita. Abin da ya rage muku gefe biyu ne da ba sa haɗuwa, babu ruwa a kowanne. Alhaji Ɗahiru ɗan kasuwa ne, zai gane abin da nake nufi kafin ku gane.

Bashir, za ka yi fushi, ka ce Inna ta ɗaure ka daga cikin kabari. Haka ne. Na duba na ga kowane ɗana namiji a ɗaure yake, sai na zaɓa maka turken da za ka iya zuwa gida daga gare shi. Yayyenka kuma wata rana za a gama da su, domin ido ba ya daɗewa a walda. Ranar da aka miƙo musu fasfo, ina so a ce akwai wurin da za su sauke jaka.

6. Husna, ke ce kika juya ni, kika wanke ni, da safe kuma ki tafi shagon buga takardu a kasuwa. Cikin 'ya'yana ke kaɗai ce ke taɓa kwamfuta kullum, idan an kawo wuta, kuma yawancin abin da kike bugawa takardun neman biza ne na 'ya'yan wasu. Rabonki rabin na namiji ne, ba ni da ikon ƙarawa. Ina roƙon 'yan'uwanki, roƙo ba umarni ba, su bar miki zama a gidan nan tare da Mairo matar Isah da Fatima. Kada ki sa hannu a sayar da naki kason don wani ya hau jirgi.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya buɗe wa na Jidda ƙofa, Ya sanyaya zuciyar na gida. Ku riƙe juna, ku riƙe zumunci da gidan Labbo, yanzu maƙwabcinku ne ta gabas da ta yamma. Duk ranar da ku huɗun kuka haɗu, ku je Kekun Waje ku yi masa sallama, ku roƙi guga, ku sha daga rijiyar. A ba Fatima ta miƙa wa ubanta ƙwaryar da hannunta.

Adama Dalhatu
Damba, Gusau