Kifin Litinin a Walimar Asabar

Assalamu alaikum. Daga Babban Sufeton Girkin Amare na Malesiya zuwa ga amarya Murniati a tsibirin Lombok na Indonesiya. Ya Inna da gwiwarta? Ya hidimar biki?

Mun ji za ki tara mata a sayar da robobin abinci a walimarki, har kina neman tsarin girkin Hajiya Rokiah ta nan Johor. Mun hana! Matar nan tun Litinin take dafa kifi da madarar kwakwa, ta rufe a roba ba firji, sai Asabar ta buɗe gaban baƙi don a shaida ingancin murfin. Jiya tana buɗewa kyanwar gidan ta fice. Ta miƙa wa ma'aikacinta cokali ta ce, "Ci ka yi murmushi, ɗan nan, ana kallo." Miyar har yauƙi take kamar majina. Ya haɗiye, mata suka yi ta sayen robobin.

Ki dafa shinkafarki da kaza ranar da za a ci. Allah ya sanya alheri.

Yaya, ni ne ƙaninki Jumahir, kuma ni na haɗiye. Lafiyata ƙalau, a ƙofar banɗaki dai nake rubutun nan. Kada Inna ta ji.