Tukunyar Dutsen Kaka

Kumbakonam, Indiya, Asabar

Yaya Alamelu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina fatan ke da Inna haka. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji uku na tsaya.

Na iso gidan aikin. Tsoho ne shi kaɗai, Kaka Subbaraman, matarsa ta rasu bara. 'Yarsa Anti Janaki tana Madras, ita ta ɗauke ni in riƙa yi masa girki. Ta ce ba ya cin komai sai shinkafa da miyar sambar, kuma sai in an dafa a tukunyar marigayiya. Yaya, tukunyar dutse ce! Baƙa, ga nauyi. Ban taɓa ganin irinta ba. Kwana biyun nan Anti ce ta dafa, ni ina yanka albasa. Gobe za ta koma. Kunya ta hana ni tambaya. Ke da kika yi aiki a gidajen birni, yaya ake yi?

Ƙanwarki,
Pungodi

*

Pungodi sarkin kunya,

Muna lafiya. Baki gare ki kamar rediyo a gida, a can ne ya mutu? To saurara. Dafa waken daban da kurkum har ya narke. Jiƙa tsamiya ki tace. Ruwan tsamiyar za ki fara zubawa a tukunyar, da albasa da 'ya'yan zogale, sannan ki ɗora, wuta kaɗan. In warin ɗanyen tsamiya ya tafi, sa garin yaji da wake. Ƙwayar mastad da ganyen kori a ludayin ƙarfe ake soya su da man riɗi, a juye a kai daga ƙarshe. Kada ki kuskura ki ɗora dutsen nan a wuta babu komai a ciki. Ba irin kaskonmu ba ne.

Inna na gaishe ki.
Alamelu

*

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta zo Alhamis. Ni kuwa tun Litinin na ɗora tukunyar babu komai a ciki, yadda muke yi a gida, ta yi zafi in soya mastad. Na juya in ɗauko mai sai na ji ƙas. Ta tsage tun daga baki har gindi.

Na ɓoye ta bayan buhun shinkafa. A tukunyar ƙarfe nake dafawa in kai masa a kwano, ba ya shiga kicin. Ran farko ya yi loma biyu ya tsaya. Na ce shi ke nan ya gane. Sai ya ce, "'Yar nan, ba laifinki ba ne. Harshena ne ya mutu. Shekara arba'in da shida ina cin miyar tukunyar nan, yau ko ita ba na ji." Na ce masa wai ko in ƙara gishiri.

Yau kwana tara, ruwan shinkafa kawai yake sha. Zanin da yake ɗaurawa a ƙugu har zamewa yake. In na faɗa za su kore ni. In yi yaya?

Pungodi

*

Pungodi,

Tukunya kika fasa, wannan kowa na yi. Tsohon kuma da yunwa kike kashe shi. Ki faɗa masa gaskiya ranar da takardar nan ta same ki. In sun kore ki, tabarmarki na nan.

Alamelu

*

Yaya,

Gaisuwa. Na faɗa. Na ɗauko tukunyar na ajiye a gabansa, na durƙusa. Ya daɗe yana bin tsagar da yatsa. Sai ya ce, "Ashe ba harshena ba ne." Ya ce in zubo abinci. Ya ci rabin kwano, ya ce tsamiya ta yi yawa.

Amma tun kafin nan ya riga ya rubuta wa Anti cewa ya kasa ci, ƙarfinsa ya ƙare. Jiya ta zo da mota. Za ta tafi da shi Madras, a rufe gidan. Ya ce mata ya warke, ta ce ya dubi hannuwansa. Bai gaya mata abin da na yi ba. Ni na gaya mata, ta ce yanzu kuma me zai canza.

Ina tahowa Laraba. Ki gaida Inna.

Pungodi