Filin Wasan da ke Bayan Shingen Ƙarfe

Khujand, 4 ga Afrilu

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Apa Zarrina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yau kwananmu tara ni da 'yata Nozanin a gidan da ake ɓoye mata da 'ya'yansu. Hannun da mijina Bahrom ya karya mini ya fara haɗewa. Yarinyar ce damuwata. Tun ranar da ta ga abin da ubanta ya yi, maganarta ba ta wuce e da a'a.

Akwai filin wasa a bayan gidan: lilo, ramin yashi da yara ke rubuta haruffa da tsinke, da duwatsu masu lambobi da suke tsallakawa suna ƙirga. Amma gefe ɗaya shingen ƙarfe ne, ana hango titi. Na hana ta fita. Malama Saodat, mai koyar da su, ta ce mini, "Mohira, kin fito da ita daga kurkuku ne don ki sa ta a wani?"

Ƙanwarki,
Mohira

21 ga Afrilu

Apa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na bar ta ta fita, ni kuwa ina tsaye a taga ina kallonta. Apa, bakinta ya buɗe! Tana ƙirga har ashirin, ta rubuta sunanta a yashi. Jiya ma ta yi faɗa da wata a kan lilo, na yi ta kukan murna.

Sai dai kwana uku ke nan wata farar mota na tsayawa a tsallaken titi. Ba wanda ke fitowa. Ki yi mana addu'a.

Taki,
Mohira

26 ga Afrilu

Apa,

Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi.

Ranar Talata da hantsi uwar Bahrom ta fito daga motar nan, ta zura hannu ta shingen da alewa. "Zo, 'yar lelena, zo wurin kakarki." Nozanin ta matsa, sai ta cafke mata wuyan hannu, ga Bahrom yana tsallako titi. Yarinyar ce ta ƙwala ihu, Malama Saodat ta yi kan tsohuwar da shebur ɗin yashi tana cewa, "Sake ta ko ki bar hannun a nan!" Mata suka fito duu, aka fizge Nozanin kafin Bahrom ya iso.

Yanzu an rataye barguna a shingen, yara sun koma wasa. Mu kuwa gobe za a kai mu wani gari. Nozanin ta tambaye ni ko can ma akwai yashi.

Apa, ke kaɗai kika san inda muke. Ba zarginki nake ba, wallahi. Amma wa ke buɗe wasiƙunki kafin su iso hannunki? Wannan karon ba zan faɗa miki sunan garin ba. Ki yafe mini, ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Mohira