Gwajina ya kama kuskuren abokina, gonarmu kuma ta babansa ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Bagwai, na karanta kwamfuta, na yi zaman kashe wando har na gaji, sai abokina na yarinta, mu ce sunansa Habu, ya samo mini aiki ta intanet a kamfanin da yake wa aiki. Suna gina kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da mai rubuta kod ya rubuta zuwa abin da na'ura za ta gane, ni kuma nawa in gwada ta in ga inda take tuntuɓe. A wannan tsadar rayuwa, da shi nake sayen maganin Inna.

To an ba Habu gyaran wani sashe. Akwai kilas, wato wani rukunin kod, da ake kira jenerik, mai karɓar kowane irin bayani, idan ƙaramin kilas na ƙarƙashinsa ya sake rubuta wani umarni, sabon ya kamata kwamfaila ta ɗauka. Gwajina ya nuna idan aka jera su hawa uku tsohon take ɗauka, kuma shiru, ko gargaɗi ba ta yi. Na yi ta maimaitawa har batiri ya mutu, na kai caji shago na dawo, abu ɗaya.

Na kira Habu, ashe ya sani. Ya ce ya yi fama bai gano bakin zaren ba, kuma an riga an ja masa kunne, in wannan ya fito sallamarsa za a yi. Wai in kashe gwajin kawai, wa zai yi hawa uku. Na ce amana aka ba ni, mutane za su gina abubuwa a kai. Sai ya ce, "Ba komai. Ka gaida Baba, ka ce Alhaji yana tambayar gona."

Gonar da muke nomawa aro ce, ta Alhaji, mahaifin Habu. Kun san yankinmu, gona a jikin gona, ko wurin ɗaure akuya da ƙyar. Tamu ta gado ba ta kai mu tsakiyar rani.

Na gwada gyara masa da kaina, ilimina bai kai ba. In na ɓoye na ci amana, ranar da abin ya fashe kuma sunana ne a kan gwajin. In na faɗa, ga gona. Wallahi na tsani ranar da na karɓi aikin nan. Baba bai san komai ba, jiya ma yana lodin taki a amalanke yana ce mini bana gero zai yi kyau in Allah ya yarda, na kasa haɗa ido da shi.

Ranar Litinin zan miƙa rahoto. Me zan rubuta a ciki? Ko in fara ce wa Baba ya daina kai takin?