Ginshiƙan da Ba Sa Ɗaukar Komai

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar Inna? A gaishe mini da Yaya da yaranta.

Ina lafiya, kada ku damu. Ruwan wankin tagogi ya ɗan farfasa mini hannu, amma da sauƙi. In an samu mai zuwa, Inna ta aiko da man shafawa.

Baba, ina ma ka ga ofishin gwamnatin lardi da nake aiki! Shekararsa arba'in, gabansa jajayen ginshiƙai shida. Na ƙwanƙwasa ɗaya yadda kake yi, na ji shi fanko! Na ruga wajen shugabanmu, na ce a fitar da mutane, gini zai rufta. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ado ne kawai, abin da ake yayi ne lokacin da aka gina shi, ƙarafa ke riƙe da ginin. Na ɗauka kora zan sha. Sai ya tambaye ni wa ya koya mini sauraron bango. Na ce mahaifina magini ne.

Jiya ya ɗauke ni daga wankin tagogi, ya mayar da ni sashen gyaran gini.

Duk ranƙwashin da na sha a gindin tsaninka, Baba, na gode. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Auta