Wa Ya Aske Magen Inna?

Dakoro, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Tanti Uwale da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zafin Arlit. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta daina kumburi, idon ne dai ke ƙara yin baya. Wake ya yi kyau bana, gero ma alhamdulillahi. Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga tarho. Tarhon gidanmu ba ya da sirri. Duk saƙon muryar da ka aiko a tsakar gida ake kunna shi, har awaki su ji. Shi ya sa na ba Hama direba wannan ya miƙa maka hannu da hannu.

Maganar Maraya ce, magen Inna. Kada ka yi dariya tukuna. Tun bayan rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta, magen nan ta kama lasar jikinta ba hutu. In ta ci abinci lasa, in ta farka lasa, har gashin cikinta da na cinyoyinta ya ƙare, fata ta fito ja. Na kai ta wajen likitan dabbobi. Ya ce shi raƙuma da shanu ya saba dubawa, amma ya bincika. Babu ƙuma, babu ƙazuwa. Ya tambaye ni ko an sauya mata wani abu a gida. Na gaya masa a ɗakin Inna take kwana tun tana jaririya, kan tsohon bargon nan, kuma bayan sadakar arba'in Baffa Abarci ya sa wa ɗakin kwaɗo. Sai ya ce amsar ke nan, damuwa ce ke sa mage ta lashe kanta haka, a mayar mata da wurin kwananta a gani. Na kawo wannan bayani gida, aka yi ta kallona kamar boko ya taɓa ni. Ashe a gidanmu ya fi sauƙi a yarda an yi wa mage sammu da a yarda tana kewa.

Baffa ya ce aski ne. Wai mage ba ta aske kanta daidai wa daida hagu da dama, akwai mai aska a gidan nan, kuma kowa ya san abin da ake haɗawa da gashin mage. Bai kama suna ba, ya dai dubi ƙofar Suwaiba, matar marigayi ɗan'uwanmu Zakari, ya yi tsaki. Bayan haka sai matarsa Haula ta shiga share wa Suwaiba ɗaki, ɗakin da tun da aka gina shi ba ta taɓa ɗaukar masa tsintsiya ba. Cikin ikon Allah sai ga ta da ƙullin gashin mage a tsumma, wai a ƙarƙashin tabarma ta tsince shi. Aka kai wa Baba, ya shafa da hannu tunda ido babu, aka kuma gaya masa wannan ne ya cinye masa gani. Yanzu an tsayar da magana: ranar Juma'a bayan masallaci za a mayar da Suwaiba Ɗan Gulbi wajen iyayenta, 'ya'yanta biyu kuma su zauna nan, tunda namu ne.

Ni dai ga abin da idona ya gani, Yaya. Inda gashin ya zube duk inda harshenta ke kaiwa ne. Kai da wuya ba abin da ya taɓa su. Gashin da ta lashe kuma cikinta yake shiga, na sha ganinsa a dunƙule cikin amanta bayan rumbu. Sannan cikin Maraya fari ne, ka sani, amma gashin ƙullin nan baƙi ne wuluk, a yanke tsaf kamar da almakashi. Na kama ta na duba, sai ga bakin baƙar wutsiyarta a datse. Wato aski dai an yi, Baffa bai yi ƙarya ba, sai dai an yi shi ne bayan an gama zargi. Tun ranar kuma, da Baffa ya yi gyaran murya a zaure sai magen ta haye katanga. Mage ba ta ba da shaida gaban alƙali.

Jiya na sami Baffa na ce a buɗe ɗakin Inna a ba magen bargonta, in ta daina lasa shi ke nan an huta da zargi. Ya ce makulli ya ɓata. Na leƙa ta kafar ƙofa, sai ƙaurin maganin ƙwari ya bugi hancina, ga buhunan wake jere har rufi. Ɗakin ya cika, kuma ɗakin Suwaiba ne ke manne da shi. Na tambaye shi kawai ko sauran waken bana ya samu wurin ajiya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya miƙe ya ce bokon lakol ya ɓata ni, 'ya mace ba ta yi wa baffanta tambayar jandarma, ya rufe ƙofar zaure da ƙarfi har sakata ta faɗi. Na ɗauki jakata na fito.

Gobe zan koma Birnin Lalle bakin aiki, kuma ko ina nan maganata ba ta wuce tsakar gida. Taka ce Baba ke ji. Suwaiba ta daina cin abinci, ta ɗaure kayanta, yaran suna tambayarta ina za su, ta kasa gaya musu ita kaɗai za ta tafi. Ka tuna ita ta yi jinyar Inna har ƙarshe. Ina roƙonka ka kira Baba ka ce kada a taɓa kowa sai ka iso, sannan ka iso ɗin kafin Juma'a, ka sa a buɗe ɗakin a gabanka.

Inna ta kan ce in mage ta dage da lasa, baƙo na tafe, ta sa a ƙara gero a turmi. Wannan ta lashe gashinta kaf tana jira, saura fata. Ka zo.

Ka gaida Tanti Uwale, da Rabo da ƙannensa. Suwaiba na gaishe ka. Baffa ma na san zai ce a gaishe ka, in ya ji kana hanya.

Ƙanwarka,
Rabi'atu