Batirin Motar Gawa da Mitar da Ta Nuna Sifili

Assalamu alaikum Malam Abdulbaqi,

Don Allah ka taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin ranar ce kwamitin masallacinmu zai zauna a kaina. Na san filinka na wutar mota ne, amma tawa matsalar daga batir ta fara, ta zo ta tsaya a kan mutuncina.

Ni mai wankin hula ne a Zaitawa, shekarata hamsin da ɗaya. Shagona yana kallon ƙofar masallaci, shi ya sa da unguwa ta haɗu ta sayi bas ta ɗaukar gawa, shekara huɗu ke nan, aka damƙa mini mukullin. Ba don na fi kowa iya tuƙi ba, sai don duk lokacin da aka neme ni ina nan a bakin baho. Motar ba ta fita sai an yi rasuwa, wani lokaci takan yi sati biyu ko uku tana tsaye a rumfa. Shekara uku ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Bara bayan babbar salla, shugaban kwamitinmu Alhaji Abdulhakeem ya sa aka ɗaura mata jiniya da lasifika da ɗan injin magana, don buɗe hanya da sanarwa, sadaka ce ya yi wa mahaifinsa. Ba a jima ba batir ya fara laushi. Aka canja sabo, shi ma idan motar ta kwana shida ko bakwai sai ka murɗa mukulli ka ji ƙas, shi ke nan. Na yi ta rufa asiri da aron batir a wurin masu mota a unguwa, ban gaya wa kwamiti ba, don kada a ce ban iya riƙo ba.

Ranar Juma'a, sati uku da suka wuce, Inna Zaituna ta rasu da hantsi, mahaifiyar maƙwabcina Mustafa. Ita ce ta yi wa matata wankan jego na 'ya'yanmu duka. An yi mata sutura, an yi salla, jama'a suna tsaye, na murɗa mukulli mota ta ƙi. Lungunmu ba shi da faɗin da za a tura ta ta tashi. A kafaɗa aka ɗauki makara har maƙabarta, cikin rana, dattawa da yawa suka kasa kaiwa suka dawo daga hanya. Ni da Mustafa muna gaisawa, amma ya daina kawo hulunansa.

Sai magana ta tashi cewa ina fita da motar harkokina ina kashe batir. Don in wanke kaina na je kasuwa na sayi mita mai baki irin na filaya, wadda ake cizon waya da ita, domin na ji an ce tana nuna idan wuta tana zurarewa. Mai shagon ya gwada mini ita a wayar fankarsa, lamba ta fito. Na tara 'yan kwamiti bayan la'asar, na buɗe bonet, na ciza wayar batir. Mita ta nuna sifili. Na sake, sifili. Wani daga cikinsu ya ce to tunda motar ba ta shan wuta a tsaye, ai an san inda wutar take tafiya. Da kaina na kawo mai shaida, ya ba da shaida a kaina.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya tak, wata biyar da suka wuce, na ɗauki motar na kwaso buhunan gero na gidana daga Dawanau. Na tabbata wani ya gan ni, daga nan maganar ta samo tushe. A raina ina zargin kayan da Alhaji ya ɗaura, amma wa zai dubi mutum ya ce masa sadakarsa ce ta sa aka ɗauki gawa a kafaɗa? Ga kuma mita ta ƙaryata ni. Shin mitar ce ba ta da kyau, ko geron ne ya kashe batir? Wace iri zan saya? Ko in miƙa mukullin kawai in huta? Ba mukullin ne ya dame ni ba, abin da za a ce an karɓe shi dominsa ne.

Naka,
Mai riƙon mukulli, Zaitawa

*

Wa alaikumus salam Mai riƙon mukulli,

Allah ya ji ƙan Inna Zaituna. Mu fara da mitar, tunda ita ce mai sauƙi.

Mitarka lafiyarta ƙalau, aikin da ka ba ta ne ba nata ba. Wuta iri biyu ce. Ta gida, wadda ke juya fanka, ita ake rubuta wa AC. Ta batir, wadda ke cikin mota da keke mai ƙafa uku da motocin nan da ake mayarwa ɗaki a sa musu sola da firij, ita ce DC. Yawancin mitoci masu cizon waya da suka cika kasuwa ta gida kaɗai suke ji a bakinsu. Ko da ka ga an rubuta DC a jikin irin taka, duba da kyau, za ka tarar kusa da harafin V yake, wato ƙarfin batir, ba kusa da harafin A ba, wanda shi ne yawan wutar da ke gudu a waya. Ko fitilun motar duka suna kunne, sifilin nan za ta nuna maka. Mai shago bai yi maka ƙarya ba da ya gwada a fanka, kai ne ba ka ce masa mota za ka auna ba, ko kuma ka faɗa ya yi kamar bai ji ba.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, mai cizon waya wadda aka rubuta DC a gefen A, mai maɓallin da ake dannawa a mayar da ita sifili kafin awo. Nemi wadda take da ƙaramin mataki, na 2A ko 4A, domin wadda aka yi don ɗaruruwa ba za ta kula da 'yar zurarar da kake nema ba. Kada ka yarda a sake gwada maka a fanka. Fita da mai shagon wurin wata mota, a kunna fitilun gaba, a ciza waya ɗaya ta batir. Idan lamba ba ta fito ba, ajiye masa abarsa. Waya ɗaya ake cizo, ba biyu a haɗe ba.

Ta biyu ita ce mitar nan mai igiya biyu, ja da baƙa, da kake gani a hannun 'yan rewaya. Ta fi ganin ƙaramar zurara, sai dai tana son nutsuwa. A tabbata tana da ramin da aka rubuta 10A, mai fiyus a ciki. Ana kwance kan batir mai alamar ragi (-), a sa mitar a tsakanin kan batirin da wayar da aka cire. Muddin tana haɗe, ba a tada mota, ba a kunna manyan fitilu, in ba haka ba za ta ƙone a hannunka. Tunda kai da ruwa da sabulu ka saba, kuma a gaban jama'a za ka yi awon, ta farkon nake zaɓa maka. Ba a kwance komai, babu abin da zai yi tartsatsi. Idan ba ka same ta ba, ɗauko ɗan rewaya da tasa, amma ba wanda ya ɗaura jiniyar ba.

Ga yadda awon yake. A yi cajin batir ya cika, a kashe komai, a zare mukulli, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti ashirin. Motar da take lafiya ba ta cika wuce 0.05 ba. Idan ka ga 0.3 ko 0.4, ka kama ɓarawonka, domin irin wannan shan yana ƙarar da batir a cikin kwana shida ko bakwai, daidai abin da ka bayyana. Daga nan a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon lambar. Idan an zare duka ba ta sauka ba, a nemi wayar da aka jawo kai tsaye daga kan batir, a cire ta. Ban ga motar ba, ba zan rantse ba, amma injin magana da aka haɗa haka ba ya barci ko da an kashe mota. Gyaransa bai wuce a mayar da wayar bayan mukulli ba, yadda sai an murɗa shi za ta samu wuta, ko a sa masa makunni. Batirin da ya sha mutuwa haka yakan raunana, a gwada shi ma, a kuma duba ko motar tana yi masa caji.

Game da Alhaji, ba sai ka ce komai ba. Sadakarsa ba ta da laifi, haɗin waya ne aka yi da gaggawa. Miƙa masa mitar ya riƙe da hannunsa lokacin da za a cire wayar. Abin da mutum ya gani da idonsa ba ya jin an faɗa masa. Kafin nan ka ciza wayar da tsohuwar mitar, fitilu a kunne, kowa ya ga sifilinta, don a san irin shaidar da aka yi aiki da ita wancan karon.

Saura kai. Kwamitinku ba su zalunce ka ba da suka yi tambaya. Motar jama'a ce, ta kuma ƙi tashi a ranar da aka saye ta dominta. Wata nawa kana aron batir ka yi shiru? Da ka faɗa tun farko, da an gyara kafin ranar Inna Zaituna. Wannan naka ne, kuma Mustafa ya cancanci ya ji shi daga bakinka, a zaurensa, ba a taron kwamiti ba. Ka kuma nema a amince a riƙa fita da motar rabin awa kowane mako, da sanin kowa.

Geron bai kashe batir ba. Tafiya caji take yi wa batir, watakila ma zuwa Dawanau ɗin nan shi ne alheri mafi girma da aka yi masa a bana. Amma an ba ka mukulli don gawa, ka ɗauko gero. Kada ka miƙa mukullin a ɓoye, kada kuma ka jira wanda ya gan ka ya tashi ya faɗa. Ranar Asabar, kafin ka buɗe bonet, ka fara faɗin maganar geron da kanka, ka ba da haƙuri. Mita za ta wanke ka a kan batir, amma har yau ba a ƙera wadda za ta faɗi wannan a madadinka ba. Idan bayan haka sun karɓi mukullin, sun karɓe shi daga hannun mai gaskiya, kuma za ka miƙa musu motar da take tashi.

Allah ya rufa asiri, ya sa a tashi taron lafiya.

Abdulbaqi